Shin kamfanin cikin gida zai iya kwaikwayon sassaucin tsarin aiki na manyan kamfanonin ƙasa da ƙasa?

Wani mai kamfani matsakaici a wata ƙasa mai tasowa ya rubuto yana cewa biyu daga cikin ƙwararrun ma'aikatansa sun ajiye aiki sun koma reshen wani babban kamfanin ƙasa da ƙasa, kuma dalilin da suka ba shi bai shafi albashi ba. Can an yarje musu su yi aikin kwana biyu daga gida a kowane mako, su kuma zaɓi lokacin da za su fara aiki da safe. Yana tambaya ko kamfani irin nasa, wanda rabin ma'aikatansa suke ofis, sauran kuma suke wurin sarrafa kaya da ɗakin ajiya, zai iya bin wannan hanya ba tare da aiki ya taɓarɓare ba.

Malam, zai iya, amma ba ta hanyar ɗauko takardar ƙa'idojin wancan kamfani a sauya mata suna ba. Na daɗe ina aikin kula da harkokin ma'aikata, na kuma zauna da shugabannin kamfanoni na ɓangarorin biyu, kuma abin da na fahimta shi ne sassauci yana nan a kowane ɓangare. Inda suka rabu shi ne matsayinsa. A babban kamfani sassauci haƙƙi ne da aka rubuta, ma'aikaci ya san da shi tun ranar da ya karɓi takardar ɗaukar aiki. A yawancin kamfanonin cikin gida kuwa alfarma ce da maigida yake yi wa wanda ya ga dama a ranar da ya ga dama. Ina kyautata zaton waɗannan mutum biyu da suka bar ka tabbacin suka bi, domin da wuya a ce ka taɓa hana ɗayansu tafiya asibiti ko ɗaukar yaro daga makaranta in ya roƙa. Sun gaji ne da roƙon.

Kafin mu yi nisa, ya kamata a rarrabe abubuwan da ake tarawa a ƙarƙashin kalma ɗaya. Akwai sassaucin lokaci, wato ma'aikaci ya zaɓi sa'ar shiga da ta tashi muddin ya cika adadin sa'o'insa, ko ya haɗe sa'o'in mako cikin kwana huɗu. Akwai sassaucin wuri, wato aiki daga gida ko daga wani wuri da ba ofis ba. Akwai kuma sassaucin yawan aiki, kamar aikin rabin rana, ko mutum biyu su raba kujera ɗaya. Na farkon ya girmi intanet nesa ba kusa ba. A shekarar 1967 wani kamfanin ƙera jiragen sama da ke kusa da birnin Munich a Jamus ya fara bai wa ma'aikatansa damar zaɓar lokacin shiga, kuma abin da ya tilasta masa shi ne cunkoson ababen hawa a hanyar da ke zuwa masana'antar, matsalar da duk wani babban birni na ƙasa mai tasowa ya fi Jamus ta wancan zamani saninta. Tunanin aiki daga nesa ta hanyar na'urorin sadarwa kuwa wani masani mai suna Jack Nilles ne ya raɗa masa suna a Amurka a 1973, shekarar da aka yi rikicin man fetur.

Akwai sassauci na huɗu da ba a cika faɗarsa a tallar neman ma'aikata ba, kuma shi ne ya fi yawa a ƙasashe masu tasowa: sassaucin da kamfani yake samu na ƙara ma'aikata ko rage su yadda kasuwa ta juya. Wani mai bincike kan harkokin ƙwadago, John Atkinson, ya bayyana wannan tsari a Birtaniya a 1984, inda ya nuna kamfani yana riƙe da wasu ma'aikata na dindindin a tsakiya, sannan ya kewaye su da 'yan kwantiragi da na wucin gadi. Na kawo wannan ne domin idan aka ce manyan kamfanonin ƙasa da ƙasa sun fi sassauci, wajibi ne a tambaya, ga wa? Akanta da injiniyan kwamfuta da jami'in talla suna aiki daga gida, amma direba da mai gadi da mai shara da mai loda kaya galibi ba ma a cikin jerin ma'aikatan kamfanin suke ba. Wani kamfanin samar da ma'aikata ne ya kawo su, kuma sassaucin da ya shafe su shi ne a kira su yau, a ce su zauna a gida gobe ba tare da biya ba. Wannan abu yana damuna ƙwarai, kuma ba na son ka kwaikwaye shi.

To me ya sa manyan kamfanonin suka riga na cikin gida rubuta ƙa'idoji? Dalili na farko shi ne dokokin ƙasashen da hedikwatocinsu suke. A Birtaniya an bai wa iyayen ƙananan yara haƙƙin neman sassaucin aiki a 2003, aka faɗaɗa shi ga duk ma'aikacin da ya yi mako 26 a wurin aiki a 2014, sannan daga Afrilun 2024 ya zama mutum yana iya nema tun ranarsa ta farko. Faransa ta fara aiki da dokar da ta amince wa ma'aikaci ya kashe wayarsa ga saƙonnin ofis bayan tashi a 2017. Kamfanin da ya riga ya rubuta irin waɗannan ƙa'idoji a gida, ya fi masa sauƙi ya aika da su duk rassansa da ya tsara wa kowace ƙasa nata. Ga kuma bambancin lokaci tsakanin nahiyoyi, wanda ya sa ma'aikacin reshe yake shiga taro ta bidiyo da dare domin ya dace da safiyar hedikwata, don haka dole a sassauta masa safiyarsa. Sannan suna da kuɗin sayen kwamfutoci da biyan kuɗin intanet da tsaron bayanai. Amma abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci, wanda kuma ba ya bukatar kuɗi mai yawa, shi ne sun saba rubuta wa kowane ma'aikaci abin da ake so ya cim ma a wata uku ko a shekara, su kuma auna shi da wannan ma'auni. Wanda ya san abin da yake jira daga ma'aikacinsa ba ya damuwa sosai da kujerar da ya zauna ya yi shi.

Kada ka ɗauka duk abin da ke cikin takarda yana faruwa a ƙasa. Na ga rassa da dama inda ƙa'idar hedikwata ta ce kwana biyu a gida, amma manajan reshe, wanda ya taso cikin al'adar sa hannu a littafin zuwa aiki, yana nuna wa kowa a fuska cewa wanda ya yi amfani da damar ya rage wa kansa daraja. Ba a hana kowa ba, amma ba mai nema. Kuma manyan kamfanonin su kansu ba su tsaya a wuri ɗaya ba. Kamfanin fasahar kwamfuta na TCS da ke Indiya ya sanar a 2020 cewa zuwa 2025 kashi 25 cikin 100 na ma'aikatansa kaɗai za a bukata a ofis a lokaci guda, amma zuwa ƙarshen 2023 ya umarci ma'aikata su dawo ofis. Kamfanin Amazon na Amurka ma ya dawo da kwana biyar a ofis daga farkon 2025. Saboda haka wanda zai kwaikwayi manya sai ya fara tambayar kansa wace shekarar tasu zai kwaikwaya.

Game da kamfanonin cikin gida, sau da yawa ana yi musu rashin adalci a wannan magana. Mai kamfanin da ya san kowane ma'aikaci da sunansa yana bayar da izinin da babu wata takardar ƙa'ida da za ta bayar: mutum ya yi mako guda yana jinyar mahaifiyarsa, albashinsa bai ragu ba, ba a kuma nemi ya cike fom ba. Wannan alheri ne na gaske, kuma ƙarfi ne da bai kamata a zubar ba. Illarsa ita ce ba ya rabuwa daidai. Wanda yake kusa da maigida yana samu, mai kunya ko sabon zuwa ba ya samu, wanda ya samu kuma yana jin an ɗora masa bashi, sai ya biya ta hanyar amsa waya da tsakar dare ko zuwa aiki ranar hutu. Mace mai shayarwa ba za ta iya tsara rayuwarta a kan izinin da sai an wayi gari za ta san ko za a ba ta ba. A gefe guda kuma, dalilin da ya sa masu kamfani suke nacewa sai sun ga kowa a kujerarsa shi ne ba su da wata hanyar sanin ana aiki sai gani. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a wannan fage ƙimar da yake bayarwa ta zama ce kawai. Yana gaya maka wane ya zo, ba ya gaya maka abin da ya gama.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe sosai, domin ya shafi rabin ma'aikatanka. A 2020 masana tattalin arziki biyu na jami'ar Chicago, Jonathan Dingel da Brent Neiman, sun ƙiyasta cewa kashi 37 cikin 100 na ayyukan Amurka za a iya yin su gaba ɗaya daga gida, alhali a Meziko da Turkiyya adadin bai kai kashi 25 ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a shekarar ta ƙiyasta kusan kashi 18 ga duniya baki ɗaya, amma kashi 6 kacal a Afirka kudu da Sahara da kashi 8 a kudancin Asiya. Ma'anar wannan a fili take: a tattalin arziki mai tasowa, aiki daga gida gata ne na 'yan tsiraru. Idan ka mayar da sassauci ya zama aiki daga gida kaɗai, ka raba kamfaninka gida biyu, 'yan ofis masu gata da masu sarrafa kaya da ba su samu komai ba, kuma ƙorafin da zai biyo baya zai fi wanda kake ƙoƙarin magancewa. Sassaucin lokaci shi ne wanda zai iya kaiwa ga kowa. Mai aikin karɓa-karɓa ba zai ɗauki injin ya kai gida ba, amma zai iya sanin jadawalinsa mako biyu kafin lokaci, zai iya musanya rana da abokin aikinsa ba tare da ya je ya durƙusa a gaban kowa ba, zai kuma iya tara sa'o'in da ya ƙara ya karɓe su a matsayin hutu.

Tambayarka ta ainihi ita ce ko aiki zai taɓarɓare. Abin sha'awa a nan shi ne hujja mafi ƙarfi da ake da ita daga kamfanin cikin gida na wata ƙasa mai tasowa ta fito. Ctrip, kamfanin shirya tafiye-tafiye da ke Shanghai a ƙasar Sin, ya yi gwaji na wata tara tsakanin 2010 da 2011 tare da Nicholas Bloom na jami'ar Stanford da abokan aikinsa. An raba masu amsa kiran abokan ciniki da suka nuna sha'awa gida biyu bisa ranar haihuwarsu, wasu suka koma aiki daga gida kwana huɗu a mako, wasu suka ci gaba da zuwa ofis. Aikin na gida ya ƙaru da kashi 13 cikin 100, yawan masu ajiye aiki a cikinsu kuma ya ragu da rabi. Amma a lura da sharuɗɗan shiga gwajin: sai wanda ya yi aƙalla wata shida a kamfanin, yana da intanet mai ƙarfi a gida, yana kuma da ɗakin da zai keɓe kansa. A lura kuma da abu biyu da suka biyo baya. Na gida sun samu ƙarin girma ƙasa da takwarorinsu na ofis masu irin ƙoƙarinsu, kuma da aka gama gwajin kusan rabinsu suka zaɓi komawa ofis, galibi saboda kaɗaici. Kamfanin, wanda yanzu ake kira Trip.com, ya sake wani gwajin da ma'aikata 1,612 da aka buga sakamakonsa a 2024, a wannan karon kwana biyu a gida, uku a ofis. Masu barin aiki sun ragu da kashi ɗaya bisa uku, ba a kuma ga wani bambanci a ingancin aiki ko ƙarin girma ba.

Akwai ɗaya fuskar. A birnin Chennai na Indiya, wasu masu bincike uku, David Atkin da Antoinette Schoar da Sumit Shinde, sun ɗauki sababbin masu shigar da bayanai a kwamfuta suka raba su ta hanyar ƙuri'a, sai aka samu na gida sun gaza na ofis da kashi 18 cikin 100. Idan ka jera gwaje-gwajen nan uku, darasin da nake ɗauka shi ne wanda ya riga ya iya aikinsa, yana da wurin zama mai natsuwa, kuma ana iya ƙirga abin da ya yi, ba ya rasa komai in ya yi wasu kwanaki a gida. Sabon ɗauka kuwa, wanda yake koyo ta hanyar kallon na kusa da shi da yi masa tambaya, ofis ya fi masa. Haɗa gida da ofis ya fi zaman gida ɗungurungum aminci, musamman ga kamfanin da yake gwadawa a karon farko.

Sai batun da masu kamfani suka fi son tsallakewa, wato wa zai ɗauki nauyin kuɗin. Kusan mutum miliyan 600 a Afirka kudu da Sahara ba su da wutar lantarki, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka ja wa waya ba sa samun ta a kai a kai. A irin wannan yanayi ofis shi ne wurin da ake da janareta da intanet da sanyi, kuma in ka ce wa ma'aikaci ya zauna a gida ba tare da ka ba shi komai ba, ka kwashe kuɗin mai da na data daga asusun kamfani ka ɗora a kan albashinsa. Meziko ta gane haka, shi ya sa gyaran dokar ƙwadago da ta yi a Janairun 2021 ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya samar da kayan aiki, ya kuma biya kuɗin sadarwa da kason wutar lantarki ga wanda yake yin fiye da kashi 40 cikin 100 na aikinsa daga gida. Ko da dokar ƙasarka ba ta ce haka ba, adalci ya ce. Idan kamfaninka ba zai iya biyan alawus na wuta da data ba, to gaskiyar magana ita ce bai shirya wa aiki daga gida ba tukuna, sai ya fara da sassaucin lokaci, wanda kusan ba ya cin ko sisi.

Ina so in ɗan tsaya a kan mata, domin a nan ne ƙaramin kamfani zai iya samun ribar da bai yi tsammani ba. Wani bincike da aka yi a jihar Bengal ta Yamma a Indiya ya nuna cewa da aka ba matan aure aikin da za su iya yi daga gida a lokacin da suka zaɓa, yawan masu karɓar aikin ya ninka har sau uku idan aka kwatanta da aikin ofis. Akwai mata masu ilimi da yawa a ƙasashe masu tasowa da suka bar aiki bayan haihuwa don kawai babu wanda ya yarda ya sassauta musu sa'a biyu. Babban kamfani yana iya fin ka albashi, amma ba lallai ya fi ka saurin yanke shawarar ɗaukar ƙwararriyar akanta a kan aikin rabin rana ba. Sai dai a kiyaye abin da gwajin Shanghai ya nuna: idan mata ne kaɗai suke amfani da sassaucin, kuma ƙarin girma yana zuwa ga wanda ake gani kullum, to bayan shekara biyar za a tarar an bar su a baya ba tare da wani ya yi niyyar haka ba.

Ta fuskar doka ba zan tsawaita ba, domin kowace ƙasa da nata tsarin. Kolombiya ta yi dokar aiki daga nesa tun 2008, Filifin a 2018, Malesiya kuma daga Janairun 2023 ta bai wa ma'aikaci damar neman sassauci a rubuce, mai ɗaukar aiki kuma ya amsa cikin kwana 60 tare da faɗin dalili in ya ƙi. Ka sa lauyanka ya duba maka abu uku kafin ka sanar da komai: yadda za a ƙirga sa'o'in ƙari, wa ke da alhaki in mutum ya ji rauni yana aiki a gida, da kuma yadda za a kare bayanan abokan cinikinka a kwamfutar da ta bar ofis. Ƙa'idar sa'a 8 a rana da 48 a mako da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta kafa a yarjejeniyarta ta farko a 1919 ba ta faɗi don mutum ya koma gida ba, kuma haɗarin da na fi gani a aikace shi ne ranar aiki ta rasa ƙarshe.

Da ni ne a matsayinka, zan fara da wurin sarrafa kaya da ɗakin ajiya, in fitar da jadawali da wuri, in kuma halatta musanyar rana tsakanin mutum biyu masu iya aiki iri ɗaya, da sharaɗin su sanar da shugaban sashe kwana ɗaya kafin ranar. Ga 'yan ofis zan ware sa'o'in tsakiyar rana da dole kowa ya kasance a samu shi, misali daga ƙarfe 10 zuwa 3, in bar musu zaɓin shiga da tashi a gefen wannan. Aiki daga gida zan buɗe shi kwana ɗaya ko biyu a mako ga wanda ya cika wata shida kuma aikinsa yana da abin ƙirgawa, tare da alawus ɗin da muka ambata. Duk wannan ya shiga takarda da ba ta wuce shafi biyu ba, a raba wa kowa, kuma a rubuta a ciki cewa shugaban sashen da ya ƙi amincewa da buƙata sai ya faɗi dalilinsa a rubuce, dalilin kuma ya zama na aiki. Wannan layi ɗaya shi ne yake mayar da alfarma ta zama haƙƙi, kuma shi ne shugabannin sassa za su fi jin nauyinsa, don haka ka zauna da su tun kafin sanarwa, ka taimaka musu su rubuta wa kowane na ƙasa da su abin da ake jira daga gare shi a kowane mako.

Ka kira shi gwaji na wata shida, ka faɗa wa ma'aikata haka tun farko domin kada janyewa daga wani ɓangare ta zama kamar cin amana. Kafin ranar farawa, ka rubuta alƙaluman wata shidan da suka gabata: mutum nawa suka ajiye aiki, kwana nawa aka yi fashi, sau nawa aka makara wajen kai wa abokin ciniki kayansa, da nawa aka kashe a man janareta. Idan wa'adin ya cika sai ka ɗora sababbin alƙaluman kusa da tsofaffin, ka ƙara da jerin waɗanda suka nemi sassauci da waɗanda aka hana, sashe-sashe, maza da mata, ka duba ko akwai sashen da ba wanda ya nema ko sau ɗaya. Idan ka samu irin wannan sashe, shugabansa za ka fara kira.